Su wa suka fara tara tsirran da ke ma'ajiyar jami'a, kuma ta yaya za a bi sawunsu?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibin sashen ilimin tsirrai da aka ba aikin jera tsofaffin samfura a ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'arsu. Ya ce yana ta cin karo da sunaye irin su Barter da Vogel da Dalziel da Lely a littattafan tantance tsirrai, kowane suna da lamba a gefensa. Yana so ya san su wane ne, yaya suka yi aikinsu, me ya sa samfuran farko na itatuwanmu suke Turai, kuma ta ina zai fara in zai rubuta tarihin tasu ma'ajiyar.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, tarihin ma'ajiya ba ya farawa daga ranar da aka buɗe ta. An kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma a 1962, amma sunayen Latin da kuke rubutawa a kan samfuranku an raɗa da yawansu ne a kan reshen da wani ya karya shekara hamsin, ko ɗari, ko fiye kafin nan. Saboda haka mutane kashi biyu kake nema. Akwai waɗanda hannunsu ya cika kabad ɗinku, akwai kuma waɗanda samfurinsu ne ma'aunin da ake gwada naku da shi, ko da ba ku da ganyensu ko ɗaya.

Ita kanta dabarar a jami'a aka haife ta. Luca Ghini, likitan da ya koyar a Bolonya sannan a Pisa ta ƙasar Italiya a ƙarni na 16, shi ake danganta wa fara matse tsiro tsakanin takardu har ya bushe, a liƙa shi a ajiye. Dalilinsa na malami ne: yana koyar da ɗaliban likitanci tsirran magani, in hunturu ya shigo kuwa lambu ba ganye ba fure. Nasa tarin bai tsira ba, na almajiransa ne suka rage. Na Aldrovandi, mujalladi 15, yana Jami'ar Bolonya har yau.

In kana son ganin yadda ma'ajiyar jami'a take haɗuwa, dubi ta Oksfod a Ingila, wadda yanzu take da samfura wajen miliyan ɗaya. An kafa lambunta a 1621. Jacob Bobart, Bajamushen da ya fara kula da shi, da ɗansa mai suna irin nasa, su suka bar mata tarin farko. Daga nan da yawa daga abin da ya ƙaru ta hanyar wasiyya ya shigo. William Sherard, wanda ya yi ƙaramin jakadan Ingila a Izmir ta ƙasar Turkiyya, ya rasu a 1728 ya bar wa jami'ar tsirransa da littattafansa da fam 3,000 don a riƙa biyan farfesa, da sharaɗin masanin tsirrai Dillenius ne zai fara riƙe kujerar. Henry Fielding ya bar mata samfura kusan 80,000 da suka shigo a 1852, da yawansu kuwa saye ya yi daga hannun wasu. Ka lura da wannan, don yana rikitar da ɗalibai: wanda sunansa ke kan kabad sau da yawa ba shi ya shiga daji ba. A cikin tarin Sherard akwai tsirran da William Dampier ya tsinko a gaɓar yammacin Ostareliya a 1699, waɗanda suka tsira da jirginsa ya nutse a tsibirin Asenshon a 1701, akwai kuma na Mark Catesby daga Karolina ta Amurka.

Labarin da ya fi amfani gare ka a Oksfod shi ne na John Sibthorp. Ya zaga Girka da Kubrus da Turkiyya a 1786 zuwa 1787 tare da mai zane Ferdinand Bauer, ya dawo da tsirrai masu yawa. Sai dai bai damu da rubuta wa kowanne inda aka samo shi ba, ya dogara da abin da ke kansa. Ya rasu a 1796 bai kai shekara arba'in ba. Waɗanda suka gaji aikin sun sha wahala wajen haɗa samfuri da zane da ɗan abin da ya rubuta a littafin tafiyarsa, kuma kundin tsirran Girkan, Flora Graeca, mai zane 966, bai kammala fitowa ba sai 1840. Busasshen tsiro da ba a rubuta masa wuri da rana da sunan wanda ya tsinko shi ba, rabin amfaninsa ya tafi.

To mu dawo gida. Tarin farko da ya bar ƙasashen Borno da Hausa zuwa Turai a hannun masu ilimin tsirrai shi ne na tafiyar Denham da Clapperton da Oudney. Sun taso daga Tarabulus a 1822, suka iso Tafkin Chadi da Kukawa a farkon 1823, zamanin Shehu Laminu. Walter Oudney likita ne ɗan Sikotland, shi ne mai kula da tsirrai. Ciwo ya ci ƙarfinsa a hanyar Kano, ya rasu a watan Janairun 1824 a Murmur kusa da Katagum. Clapperton ya ci gaba shi kaɗai har Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abin da suka kai Landan nau'i ne kusan 300, amma mafi yawansu daga wajajen Tarabulus da Fezzan da hanyar hamada suke. Na Borno ba su kai ɗari ba, na ƙasar Hausa kuwa ba su kai ashirin ba. Robert Brown ne ya nazarce su, a cikin wannan nazarin na 1826 kuma ya raɗa wa jinsin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park da ya halaka a Busa a 1806. Shi ma Oudney an sa sunansa a wani tsiron hamada, Oudneya.

Sai tafiyar Kwara ta 1841, jiragen ruwa uku masu tururi. Theodor Vogel, Bajamushe, shi ne masanin tsirran tafiyar. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da arba'in daga cikinsu, shi kuma Vogel ya rasu a tsibirin Fernando Po a watan Disambar wannan shekarar. Tsirransa ne tushen littafin Niger Flora na 1849. Sunan littafin kada ya ruɗe ka. Jirgin ya tsaya a tsibiran Madera da Kef Bade, ya tsaya a Saliyo da Akara, kuma a ko'ina Vogel ya tsinki tsirrai, saboda haka kashi mai tsoka na abin da ke ciki ba daga bakin Kwara yake ba, balle Jamhuriyar Nijar da ba a ma yi ta ba. Magimfa, wadda masunta ke bugar da kifi da ita, sunansa take ɗauke da shi: Tephrosia vogelii.

Akwai Vogel na biyu, kuma an sha haɗa su. Eduard Vogel masanin taurari ne mai sha'awar tsirrai, ta hamada ya shigo, ya iso Kukawa a farkon 1854, ya haɗu da Heinrich Barth, wato Abdulkarim, a ƙarshen shekarar, ya leƙa Bauchi da Zariya, aka kashe shi a Wadai a 1856. In ka ga Vogel tare da Borno ko Kuka, Eduard ne. In ka gan shi tare da bakin teku ko mahaɗar Kwara da Binuwai, Theodor ne.

Wanda ya fi su duka barin abin a zo a gani a wancan ƙarnin ba likita ba ne, ba kuma hafsa ba, mai aikin lambu ne. Charles Barter ya yi aiki a Kew, babban lambun tsirrai na Landan, ya biyo Dakta William Baikie a tafiyar 1857. Jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba a watan Oktoban shekarar, suka maƙale a ƙasar Nufe wata da watanni. Haɗarin ya zama alheri ga ilimi. Waɗanda suka riga shi wucewa kawai suke yi, abin da ke gefen hanya a ranar shi suke samu. Barter kuwa ya ga wuri ɗaya a rani, ya gan shi a damina, ya samu fure ya kuma jira 'ya'ya. Shi ya sa in ka buɗe Flora of Tropical Africa, wanda Daniel Oliver ya fara fitarwa a 1868, za ka yi ta ganin "Nupe, Barter" shafi bayan shafi, kuma nau'o'i da dama suna ɗauke da barteri a sunansu. Ya rasu a Raba a 1859.

Dukkan waɗannan mutane gwamnatin Ingila ce ta turo su ko ta biya kuɗin tafiyarsu, tsirran kuma wurin wanda ya biya suka koma: Kew da gidan tarihin Birtaniya a Landan. Na Faransawa, kamar na Auguste Chevalier wanda ya jagoranci tafiyar Shari da Tafkin Chadi daga 1902 zuwa 1904, suna Faris. Na Jamusawa, kamar na Carl Ledermann da ya yi aiki a arewacin Kamaru wajajen Garwa a 1908 da 1909, Balin suka tafi, kuma a nan aka yi babbar asara: bom ya ƙone ma'ajiyar Balin a farkon watan Maris na 1943, samfuran asali masu ɗimbin yawa, waɗanda aka raɗa sunayen nau'o'i a kansu, suka zama toka. Waɗanda suka tsira galibi takwarorinsu ne da aka riga aka aika wasu ma'ajiyoyin. Amsar tambayarka ta me ya sa suke Turai ke nan, ba wani sirri a ciki: a lokacin ba wata ma'ajiya a nan, kuma can masu raɗa sunan suke zaune.

Mutumin da ya kamata kowane ɗalibin tsirrai Bahaushe ya sani da kyau shi ne John McEwen Dalziel, wanda aka haifa a 1872 ya rasu a 1948. Likita ne ɗan Sikotland, ya fara aiki a ƙasar Sin, sannan ya shiga aikin likitancin gwamnati a Afirka ta Yamma a 1905. Duk inda aka tura shi aiki a Arewa ya tara tsirrai: Lakwaja, Zungeru, Kwantagora, Katagum, Sakkwato, Yola, Abinsi. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne ya ji Hausa, kuma ya ɗauki sunan da mutanen gari ke kiran tsiro da abin da suke yi da shi a matsayin ilimi da ya cancanci shiga takardar samfuri. A 1916 ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary. Da ya bar aiki ya koma Kew, shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, sannan ya fitar da na tsirrai masu amfani a 1937, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa daga baya ya zama mujalladi shida. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, shi ne Boswellia dalzielii. A zamaninsa ne kuma sunayen Hausa suka shiga Latin kai tsaye: doka ta zama Isoberlinia doka, iburu ya zama Digitaria iburua.

Bayansa aikin ya koma hannun ma'aikatan gandun daji da na gona. H. V. Lely ya tara tsirran tsaunukan Jos da Bauchi, ya kuma fitar da littafin itatuwa masu amfani na Arewa a 1925. An kafa ma'ajiyar gandun daji ta Ibadan a 1942, wadda ake taƙaita sunanta da FHI, ita ce kuma mafi girma a Nijeriya. R. W. J. Keay da F. N. Hepper suka sake rubuta kundin Hutchinson da Dalziel tsakanin 1954 da 1972, kuma wannan bugu na biyun ne kusan kowace ma'ajiya ta jami'o'inmu take jera kabad ɗinta a kansa. A wannan zangon ne sunayen 'yan ƙasa suka fara fitowa a takardu a matsayin masu tarawa, irin su Onochie da Latilo da Daramola da Gbile. Oksfod ma ta shigo cikin labarin ta wannan ƙofar, don a 1924 Joseph Burtt Davy ya kafa ma'ajiyar tsirran daji a can, inda ake horar da jami'an gandun daji na ƙasashen da Ingila ke mulka, su kuma suna aika mata samfura daga wuraren aikinsu. A ɓangaren Nijar, kundin da Peyre de Fabrègues da Lebrun suka fitar a 1976 shi ne madogara.

Amma kafin zamanin su Onochie, ka sani duk Baturen da sunansa ke kan takarda yana tare da mutanen da ba a rubuta ba: ɗan dako da ya ɗauki matsin busar da tsirrai a ka, yaron da ya hau bishiya ya karyo reshe mai fure, tafinta, maharbi, mai magani, Bafulatanin da ya san wace ciyawa shanu ke so wacce kuma ke kashe su. Duk sunan Hausa da ke cikin littafin Dalziel daga bakin wani ya fito. In za ka rubuta tarihi, faɗi wannan a fili, amma kada ka ƙirƙiro musu sunaye ko labarai don cike gurbi.

Yadda suka yi aikin bai bambanta da naku sosai ba. Matsi alluna biyu ne ko firam biyu na katako mai tsaga-tsaga, kamar santimita 45 a tsawo da 30 a faɗi, da igiya ko ɗamara biyu na ɗaurewa, da tulin takarda mai shan ruwa. A sa reshe a cikin takarda ninki biyu, a juya ganye ɗaya ko biyu don a ga bayansu, a ɗora takardar shan ruwa, a sake sa wani, a ɗaure tamau. Kwana uku ko huɗu na farko kullum sai an canza takardun shan ruwan an shanya waɗanda suka jiƙe. Da hunturu iska kaɗai ta isa. Da damina kuwa, in ba a ɗora matsin a saman garwashi ko fitila ba, kafin mako ya zagayo fumfuna ta ci komai, ganye ya yi baƙi ya ruɓe. Wuta in ta yi yawa ita ma ɓarna ce, tana dafa ganye ya zama ruwan ƙasa ya riƙa karyewa. Takarda ita ce babbar matsalarsu, don daga Turai ake kawo ta, tana da nauyi a kan ɗan dako, gara kuma tana iya cinye tulin wata guda a dare ɗaya in an ajiye shi a ƙasa. Georg Schweinfurth, wanda ya yi aiki a yankin Nilu, shi ake jingina wa dabarar jiƙa ɗaurin samfura da barasa mai ƙarfi a rufe a gwangwani har a isa inda za a busar. Tana hana ruɓa, amma tana kashe launi, kuma samfurin da aka yi wa haka ba ya cika ba da abin kirki ga masu binciken ƙwayar halitta.

Itatuwanmu suna da nasu tarkon, wanda ya kama mutanen farko kuma yana kama ɗalibai har yau. Da yawansu ba sa haɗa fure da ganye a lokaci ɗaya. Hano da gurjiya da minjirya suna fure ne da rani, reshe tsirara. Rawaya tana fito da furenta mai ruwan ɗorawa daf da ƙasa bayan gobarar daji, ganyen sai ruwa ya sauka. Gawo kuma akasin kowa yake, da damina yake zubar da ganye. Mai tarawa sai ya ɗebi fure a Janairu, ya dawo a Yuli ya ɗebi ganye daga bishiyar da yake zaton ita ce, ya haɗa su a ƙarƙashin lamba ɗaya. In ya kuskure bishiyar, takarda ɗaya ta ɗauki tsirrai biyu ke nan, kuma an taɓa raɗa sunaye a kan irin wannan gauraye. Duk tsohuwar takardar da ka ga fure daban, reshe mai ganye daban, ba su manne da juna ba, ko ka ga kwanan wata biyu a kanta, ka dube ta da idon tuhuma. Bagaruwa da 'yan uwanta masu ƙananan ganye suna kaɗe ganyensu in bushewar ta yi jinkiri, shi ya sa za ka tarar da ƙaya da sanda a liƙe, ganyen kuwa yana cikin 'yar ambulan a kusurwa. Kada ka zubar da abin da ke cikin ambulan ɗin, sau da yawa a nan fure da iri suke. Tinya da ƙerana da kabar giwa ba sa mutuwa a cikin matsi, har toho suke yi, sai an tsaga su an tsoma a tafasasshen ruwa ko barasa. Giginya da goruba kuwa girman ganyensu ya sa kowa yana ƙyale su, har ya zama bishiyar da ta fi kowace fitowa fili a gari ita ce mai ƙarancin samfuri a kabad.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi lafiyarka. Tun daga da har cikin ƙarni na 20, maganin ƙwari da ake shafa wa samfura gubar zaiba ce da ake narkawa a barasa. Ba ta gushewa. Alamarta tabo ne mai ruwan toka ko baƙi-baƙi a takarda kewaye da tsiron, wani lokaci da hatimi da ke cewa an sa guba. Sa safar hannu, buɗe taga kafin ka daɗe a gaban tsohon kabad, kada ka ci abinci a ɗakin, ka wanke hannu in ka gama. Yanzu firiza ake amfani da ita: a sa ɗaurin a leda a ɗaure, a bar shi a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili na aƙalla kwana uku, mako guda ya fi. In an ɗauke wuta har ƙanƙarar ta saki, ka sake ƙirga daga farko. In ka fito da shi kada ka kwance ledar sai ya kwana ya dawo zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan takardun. Babban abokin gabar shi ne ɗan ƙaramin ƙwaron nan mai ruwan ƙasa da ke cin taba, tsutsarsa ce ke mayar da fure gari. In ka ga gari mai laushi a ƙasan takarda, yana nan.

Bin sawu kuwa daga lamba yake farawa. Sunan mai tarawa da lambarsa su ne shaidar samfuri a duk duniya. Yakan ɗebi reshe uku zuwa shida daga bishiya ɗaya a rana ɗaya, duk lambarsu ɗaya, a raba su ga ma'ajiyoyi daban-daban. Saboda haka in ka rubuta suna da lambar a rumbunan bayanan samfura na intanet, irin su GBIF ko JSTOR Global Plants ko na Kew, kana iya samun takwaran naku, wani lokaci da bayanin da ya fi naku cika. Kada ka haɗa wannan lambar da lambar shigarwa ta ma'ajiya, wadda galibi hatimi ce aka buga. Lambobin FHI kuma nasu tsarin daban ne: jeri ɗaya ne na hukuma da ma'aikata da yawa suka yi tarayya a kansa, don haka babbar lamba ba ta nufin mutum ɗaya ya tara dubun-dubatar tsirrai. Gajerun kalmomin Latin da za ka gani kaɗan ne. "Leg." na nufin wanda ya tsinko, "det." wanda ya tantance suna, "s.n." babu lamba. Alamar motsin rai a bayan lamba a cikin kundin tsirrai tana nufin marubucin ya ga samfurin da idonsa. Takarda mai jan lakabi ko jar riga samfurin asali ce, wanda sunan nau'in ya rataya a kansa, ba a fita da ita aji.

In ka jera lambobin mutum ɗaya bi da bi tare da ranakunsu, hanyar tafiyarsa za ta fito da kanta, kuma da haka ake cike gurbin takardar da ba a rubuta mata wuri ba: in ta gabanta da ta bayanta duk gari ɗaya ne a mako ɗaya, ka samu hujja, amma ka rubuta cewa kintace ne. Ka kula da kwanan wata, don wani na ranar tsinka ne, wani na ranar da kaya suka isa Landan, tazararsu kuwa tana iya kai shekara. Sunayen wurare su ma sai da lura. "Kouka" Kukawa ce, "Yakoba" Bauchi ce, "Sackatoo" Sakkwato ce. "Katagum" a takardar Dalziel yanki ne mai faɗi, ba lalle garin ba, haka ma "Nupe" a ta Barter. Iyakoki sun motsa: wani ɓangaren Adamawa yana ƙarƙashin Jamus har Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu yankunan kuma sai 1961 aka san ƙasar da suka faɗa. In za ka sa wa tsohon samfuri lambobin taswira, rubuta faɗin shakkar tare da su, kilomita biyar ne ko hamsin. Ɗigo ɗaya a tsakiyar gari ba tare da wannan ba ƙarya ce da kwamfuta za ta yi ta maimaitawa.

Sunan Hausa da ke kan takarda shaida ce mai daraja, amma ba hukunci ba ce. Suna ɗaya yana iya hawa kan tsirrai uku, tsiro ɗaya kuma yana iya samun suna daban a Sakkwato da Kano da Damagaram, ga shi kunnen Bature ba ya raba ka da ƙa, ko da da ɗa. Kwafe shi yadda aka rubuta, sannan ka sa daidaitaccen rubutun a gefe. Sunan Latin ma yana canzawa. Kaɗanya ta daɗe a matsayin Butyrospermum parkii kafin a dawo da ita Vitellaria paradoxa. Gawo ya bar Acacia ya koma Faidherbia, sunan da Chevalier ya ba shi. Ɗorawar Arewa an taɓa ware ta da sunan Clapperton, Parkia clappertoniana, daga baya aka mayar da ita cikin Parkia biglobosa. Komai tsufan sunan da ke kan takardar asali, ba a goge shi, ba a rubutu a kansa. Ana yanko 'yar takarda ce, a rubuta sabon suna da sunan mai tantancewa da shekara, a liƙa a sama da tsohuwar.

Game da taku ma'ajiyar, nemi littafin shigarwa na farko, in yana nan, ka ɗauki hoton kowane shafi kafin komai. Fitar da sunan duk wanda ya bayyana a shekaru goma na farko, ka raba su: malaman da suka kafa sashen, ma'aikatan ɗakin gwaji, ɗaliban da suka yi aikin kammala karatu, da samfuran da suka zo kyauta ko musaya daga Ibadan ko Samaru ko waje, waɗanda za ka gane su da lakabin da ba irin naku ba. Gwada rubutun hannu, don sau da yawa sunan farfesa ne a kan layin mai tarawa alhali hannun da ya rubuta duk takardun na ma'aikacin ma'ajiya ne. Sannan ka nemi tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya, ka je musu da hotunan takardun da suka shige maka duhu. Su ne za su gaya maka wane daji ake nufi da "bayan makaranta" a takardar 1970, da kuma unguwar da aka gina a wurin yanzu.